Gishirin da Kawu Ya Zuba wa Kifi

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya sauka gidana a unguwar Minanata cikin Sakkwato ana tsakiyar bazara, da 'yan tufafinsa cikin buhun taki da butar alwala a hannu. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyensu, sun kashe babban ɗansa a bakin fadama, sun kore shanun huɗa. Matarsa ta tafi wurin danginta a wani gari, shi kuma aka turo shi wurina. Tun rasuwar mahaifiyata shi kaɗai ya rage mini a ɗakinsu. Ranar da ya zo ya gaya mini, kansa a sunkuye, cewa baƙunta ce kawai, da ruwan farko ya sauka zai koma ya yi shuka. Kowa ya san abin da ke samun masu komawa shuka a yankin nan. Na ce masa to, a raina kuwa na ƙudura ba inda za shi.

Ya tarar ina cikin wata hauka tawa da matata ta gaji da yi wa dariya. Na daɗe ina kallon akwatunan kifin ado a waya, har na je Tudun Wada wurin masu haɗa tagogi suka yanka mini gilas suka liƙe. Na shimfiɗa yashi da tsakuwa, na cika da ruwan burtsatse, na jona ɗan injin da ke jan ruwa ya bi ta cikin soso ya dawo. Kifi ne babu. Mutumin da ya sayar mini da injin, mai shagon tsuntsaye da kifin ado, ya ja mini kunne cewa sabon akwati kabarin kifi ne. Kashin kifi yana sakin wani dafi da ake kira amoniya, kuma babu mai cinye shi sai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke yin gida a cikin soson. Su kuma ba sa haɗuwa da gaggawa. Sai ka riƙa barbaɗa abincin kifi a ruwan da ba kowa, yana ruɓewa yana sakin dafin, su kuma suna ci suna yawa, har tsawon makonni. Ya haɗa ni da wata 'yar kwalbar gwaji: ka ɗebi ruwa ka ɗiga magani, in ya yi kore akwai dafi, in ya yi rawaya ruwa ya nuna, ana iya saka kifi. Nawa kullum kore ne shar.

Kwanakin farko Kawu ba ya magana sai gaisuwa. Tuwo ya tsakura ya ture. Daga masallaci sai tabarma, ya juya wa ɗaki baya. Na kai shi wurin abokansa na dā da ke sayar da hatsi a kasuwa, ya zauna cikinsu shiru har suka rasa abin cewa. Wata safiya ina barbaɗa abinci a akwatin sai na ji shi tsaye a bayana.

Ya ce, "Wai kai ɗana, ina kihin?"

Na ce ba a kawo su ba tukuna.

"To wa kaka ba abinci? Ruwa?"

Na shiga yi masa bayanin ƙwayoyin da ba a gani. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi dai a saninsa masu kiwon abin da ba a gani ba a ɗaki ake barinsu ba, wurin malamai ake kai su. Matata ta fashe da dariya daga kicin. Shi ma sai da gefen bakinsa ya motsa, kuma wannan ne karon farko tun zuwansa.

Daga ranar ya jawo tabarmarsa gaban gilas. Manomin gero da shinkafa ne, amma duk wanda ya tashi a fadama ya san kifi, kuma ya taɓa kiwon tarwada a wani rami bayan gidansa. Ya karɓe aikin barbaɗa abincin. In an ɗauke wuta injin ya tsaya, sai ya ɗauki moɗa ya riƙa ɗibar ruwan yana zubawa daga sama don kada ya yi wari, gumi na bin gemunsa. Da yamma shi ke tuna mini a gwada. Ya ɗaga kwalbar saitin taga, ya girgiza kai, ya ce har yanzu miyar kuka ce. Ya fara cinye tuwonsa. Na ga hanya ta buɗe: in kifi suka shigo suka zama nasa, suka san hannunsa, wataƙila ya ji akwai abin da ba zai iya tafiya ya bari ba. Na san tunani ne na wanda ya rasa dabara, amma ba ni da wata.

Ruwan kuwa ya ƙi nuna. Zafin Sakkwato da ɗauke wuta suna ta mayar da mu baya. Ga shi hadari ya fara haɗuwa ta gabas da la'asar, ya yi baƙi ya watse. Duk lokacin da iska ta juya sai in ga Kawu ya fita tsakar gida ya ɗaga kai yana shaƙa. Na tsani hadarin nan kamar me.

Na koma wurin mai shagon na ce ya ba ni hanya gajera. Ya nuna mini jaka biyu na raga. Ɗaya gawayi ne da aka sarrafa, ya ce wannan wari da launi kawai yake ɗaukewa, ba ruwansa da maganarmu. Ɗayar wasu fararen tsakuwoyi ne masu suna ziyolait, waɗanda ke shanye amoniya. Ya ce in na sa su ruwa zai yi rawaya, amma in sani ba nuna ya yi ba, don tsakuwar za ta cinye abincin ƙwayoyin ne ta bar su da yunwa, kuma ranar da ta ƙoshi za ta daina sha. Shawararsa in yi haƙuri in jira. Na ce masa ni ba haƙuri na zo saye ba. Na sayi jakunkunan biyu na kawo gida na sa a akwatin.

Kawu ya yi na'am da jakar gawayin nan take, ya ce ai ko a randa suna jefa shi. Tsakuwar kuma ya murza ta a yatsa ya ce ta yi kama da alif ɗin da ake kwantar da dauɗar ruwa da shi. Ba a daɗe ba kwalba ta yi rawaya. Shi ya fara gani. Ya riƙe ta ya bi matata har bakin murhu yana nuna mata.

Na kawo ƙananan kifaye masu jan wutsiya cikin leda. Ba zan manta da makonnin da suka biyo baya ba, don su ne kaɗai masu daɗi a labarin nan. Ya raina su da farko, ya ce duka ba za su cika cokalin miya ba. Kafin a jima ya san kowanne: ga mai haɗama, ga rago, ga mai faɗa da inuwarsa a gilas. Da ya matso sai su taru a gefensa. Ni in na zo ko kallo ban ishe su ba, ya ce sun san wanda bai da aikin yi sai su. Har ruwan farko ya sauka, ɗan yayyafi ne, ya tsaya a ƙofa yana kallo, bai ce komai game da tafiya ba. Na yi ta hamdala a zuci.

Sai kifayen suka fara sanyi. Suna tsayawa a saman ruwa suna buɗe baki, sun rage cin abinci. Na gwada, launin ya fara komawa kore, alamar tsakuwa ta ƙoshi. Na ce gobe in na taso aiki zan biya wurin mai shagon in sayo sabuwa. Washegari ina ofis Kawu ya zauna yana kallonsu suna wahala, ya kasa daurewa. Ya san maganin kifi mara lafiya, ya sha yi wa tarwadarsa kuma suna tashi. Ya karɓi gishiri wurin matata, ya jiƙa a moɗa, ya zuba da bisimilla.

Na dawo da la'asar da sabuwar jakar tsakuwa a hannu, na tarar da shi durƙushe gaban akwatin. Kifayen duk sun juya ciki sama.

Na kira mai shagon a waya. Da na ambaci gishiri sai ya yi salati.

Ya ce, "Tsakuwag ga ba ta kashe dahi, ɓoye shi takan yi. In gishiri yat taɓa ta, duk abin da tas sha sai ta amayo shi lokaci guda. Da shi aka wanke ta in ta cika."

Na zauna kusa da Kawu na fayyace masa komai. Na ce gishirinsa daidai ne a kowane ruwa ban da wannan. Na ce ruwan bai taɓa nuna ba tun farko, tsakuwa ce ta rufe, kuma babu mahaluƙin da zai iya sanin haka da ido. Gaskiya tsantsa nake faɗa masa, shi kuwa ya ɗauke ta rarrashi, irin wanda ake yi wa tsoho. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Lahiya lau kab bas su. Ni nik kashe su."

Ya tsame su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, bai yarda a zuba a shara ba. Ya tona rami gindin dogonyaro ya rufe su, ya daɗe tsugune a wurin. Matata ce ta gaya mini daga baya abin da ya faɗa mata wata rana ba na nan: bai ga gawar ɗansa ba. Gudu suka yi cikin daji, waɗanda suka koma ne suka yi sutura, ko kabarin bai sani ba.

Na ce zan kawo wasu kifin, wannan karon za mu jira ruwa ya nuna da gaske. Ya tambaye ni zuwa yaushe. Na ce makonni. Ya gyaɗa kai. Cikin satin aka sheƙa ruwa mai yawa, irin wanda ke jiƙa ƙasa har ciki. Da safe na ga buhun takinsa a ɗaure bakin ƙofa.

Na roƙe shi, na yi fushi, na haɗa shi da girman mahaifiyata, abin da ban taɓa yi ba. Na tara masa abokansa na kasuwa suka yi ta ba shi baki. Ya yi wa kowa godiya. A tasha ya riƙe hannuna.

Ya ce, "Ɗana, kai man duk abin da ɗa ka yi. Amma ni nan ko gishiri ban iya zubawa ba. Can na san mi nika yi."

Na dawo gida zuciyata baƙi ƙirin. Na zare jakar tsakuwar na yi jifa da ita bayan katanga. Ban zubar da ruwan ba, ban kashe injin ba, don ban da ƙarfin yin ko ɗaya. Kowace safiya hannuna kan barbaɗa abincin da kansa. Da farko yakan kira ni in ya hau wani tudu da ake samun sabis, ya ce gero ya fito, ya ce an yi noman farko. Daga nan kira ya yanke. Na bi 'yan yankinsu da ke kawo kaya kasuwa. Wani ya ce an kwashe mutane a gona ranar wata Laraba, wani ya ce a'a, ƙauyen gaba ne, wani ya ce ya gan shi amma bai tuna yaushe ba. Babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce yana raye.

Wajen ƙarshen damina na ɗauko kwalbar gwajin, ban ma san dalili ba. Na ɗiga, na girgiza. Rawaya, ba tsakuwa ba komai. Na zuba abinci da yawa na sake gwadawa bayan ya ruɓe, rawaya dai. Ƙwayoyin sun cika soson, ruwan ya nuna da kansa. Na tsaya tsakiyar ɗaki da kwalbar a hannu. Matata ta leƙo ta ga launin, ta koma kicin. Na danna lambarsa, muryar nan ta cikin waya ta ce ba a samunsa a yanzu, in sake gwadawa an jima. Har yau ina gwadawa.