Zoben da ya gagari maƙeri da mai walda

Ana idar da sallar asuba muka bar Kajiji a babur, ni da yayana, hannuna na dama a ɗage sama. Zobe ne ya maƙale mini. Ranar sunan ɗiyar ƙawata na sa shi, rina ta harbe ni a yatsan, ya kumbura. Kwana biyu Inna tana fama da man shanu da zare, har kan yatsan ya fara baƙi.

Hanyar duk ramuka ce, kowanne sai na ji shi a yatsa. A wani ƙaramin asibiti a Shagari, abin yanke zobensu ya dakushe a kansa. Ma'aikaciyar ta ce in jini bai koma ba a ranar, yatsan za a cire.

Muka wuce wurin wani maƙeri, ya goga magagari har ya yi gumi, ko ƙwarzane babu. Ya ce, "Ɗiyata, wanga ƙarhe ban san shi ba." Mai walda kuwa injin yanka ƙofa ya tayar, wai in kau da kai kawai. Na ruga. Ina yayana? Yana can layin mai ƙosai!

Da azahar muka isa Bodinga, shagon wani injiniya mai gyaran kayan burtsatse. Ya fito da wata na'ura mai ɗan haƙori, ya kunna, ban ji ƙara ba. Wai haƙorin karkarwa yake, irin wadda ido ba ya gani. Taɓa ƙarfe yake yana saki, shi ya sa yake cin mai tauri ba tare da zafi sosai ba. Ina kuka, shi yana bayani, yayana har da tambaya.

Na ce, "Malam, don Allah laccar ta jira!"

Ya zura siririn faranti tsakanin zoben da fatata, yana ɗiga ruwa. Na rufe ido ina salati. Ya yanka gefe biyu, zoben ya faɗi. Da jini ya sauko, zafin ya fi harbin rina, amma yatsan ya motsa.

Kafin magariba muna gida. Yanzu da nake wannan rubutu, da yatsu biyar nake riƙe da wayar. Daga yau, duk mai tallan da ya ce zobensa ba ya lanƙwasa, ba ya karcewa, ya riƙe abinsa.