Hannun Mama Fortunata a Kan Moton Baba Zenobio

Tun kafin masu kunun jan masara su hura wuta a bakin titinmu na Villa Adela, Mama Fortunata Limachi ta buɗe shagonta. Ba ta fara da hira. Injunan da aka kawo mata take bi ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora bayan hannu a jikin kowane moto kamar uwa mai duba zazzaɓi, sannan ta kara hanci ta shaƙa. A naɗin wayar moto ƙuruciyarta ta ƙare, amma ba abin da ta tsana irin a kawo mata wanda ya riga ya ƙone. Yanzu idonta ya soma hazo, ta ce ƙarshen watan nan za ta rufe shago. Tun da na ji, zuciyata ta ƙi kwanciya sai na rubuta wannan.

Mu mutanen El Alto muna da kuskurenmu. Gani muke a garin da ruwa ke daskarewa cikin bokiti, ƙarfe ba zai yi zafi ba. Ita kuwa bakinta ya gaji da faɗa mana cewa iskar tudunmu ba ta da kauri, fanka na juyawa amma abin da take hurawa kaɗan ne. Ga kuma Talatar ch'alla, ranar da muke naɗe kayan sana'a da zaren takarda, mu watsa musu yankakkun takardu masu launi, mu yayyafa giya don Uwar Ƙasa ta sa albarka.

Washegarin ch'allar bara na ga aikinta da idona. Maƙwabcinmu Baba Zenobio Chura masassaƙin charango ne, ƙaramar garayarmu. Da hannunsa ya kama rawa har gizago ya gagare shi, 'yarsa mai ɗinki a Brazil ta aiko masa da ɗan injin sassaƙa mai bin umarnin kwamfuta, irin wanda wasu ke saya don ɗebe kewa. Shi kam injin ya zame masa hannu. Ran nan ya ɗaure masa kututturensa na ƙarshe, wanda ya daɗe yana busarwa a ƙarƙashin gado, zai fitar wa jikarsa Nayra da charango. Aiki ya kai rabi, kukan injin ya canza, ƙauri ya tsallako katangarmu. Na ruga na kira Mama Fortunata.

Muna shiga muka tarar da shi riƙe da wayar wuta zai zare.

"Zenobio, sake ta," in ji ta. "Kana zarewa injin ya manta inda yake, itacen ya tashi aiki."

"To in tsaya ina kallo ya ƙone?"

"Ka tsaya ka yi shiru, in za ka iya."

Ta danna dakatarwa, ta ɗaga haƙorin sassaƙar daga cikin itacen, ta kashe moton shi kaɗai, sauran injin na kunne. Ta taɓa jikinsa, ta janye hannu da sauri. Ban taɓa ganin ta janye hannu daga ƙarfe ba. Tsoho ya ɗauko sauran giyar jiya zai kwara a kai ya huce.

"Kai ka sha abinka, shi jiya ya ƙoshi."

Ta leƙa ramukan iska na saman moton. Takardun ch'alla sun jiƙe da giya, sun haɗe da ƙurar itace, sun bushe sun toshe ko'ina. Ta zaro gashin kaza daga aljihun rigar aikinta. Sai Baba Zenobio ya sha gabanta.

"Fortunata, albarkar shekara ce. Tun kwana bai zagayo ba za ki share min ita ki zuba a shara? Hannuna ya riga ya tafi. In Uwar Ƙasa ta juya min baya, me ya rage min?"

Ƙaurin na nan bai tafi ba. Na zaci za ta daka masa tsawa, don ta iya. Sai ta dube shi.

"Wa ya ce maka shara? Cire hularka ka tara."

Ya cire, ya tara. Ta riƙa tsamo takardun da bakin gashin, ja, kore, ruwan ɗorawa, tana sakin su cikin hular, ba ta bar ko ɗaya ta taɓa ƙasa ba. Ta goge sandunan da injin ke tafiya a kai, ta ɗiga musu mai. Sannan ta ce ya je ya tona gindin ƙofa ya binne abin hular, tunda dama Uwar Ƙasa ake ba wa.

Muka zauna jiran ƙarfe ya huce, ba wanda ya san ko wayar ciki ta riga ta soye. Da ta ga lokaci ya yi, ta rage wa injin saurin tafiya, ta kunna. Moton ya yi tari, ya ɗauka. Haƙorin ya sauka daidai kan layin da ya bari.

"Ka gani? Da safe ake share shi, kamar hanci," ta ce, ta ɗauki jakarta.

Mama, ke ce mai jin ciwon ƙarfe tun bai yi kuka ba. Kin tsare moton, kin kuma tsare wa tsoho abin da ya yarda da shi, ba ki sa shi ya zaɓi ɗaya ba. Na karanta labaran jarumai da yawa, ban ga wanda ya yi yaƙinsa da gashin kaza ba.

Mun gode, Mama Fortunata. Ku kuma masu ƙananan injuna a ɗaki, ku yi musu ado yadda iyayenmu suka yi, amma ku bar musu hanyar numfashi, ku riƙa taɓa su kafin su yi ƙauri. Nayra har yanzu ba ta gwanance da kaɗa charangon ba, takan ɓata waƙa a tsakiya ta sake daga farko. Kakanta na zaune a rana yana saurare, hannuwansa biyu na rawa a kan gwiwa, bai taɓa ce mata ta daina ba.