Waken Gwangwani da Takwarata a Jidda

Talata: Zariya zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar gida a Tudun Wadan Zariya. Ƙanena Malam Sabo ne ke tuƙi, ni kuwa ina baya rungume da jakar da na ƙi yarda a sa a but. A cikinta akwai kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da garin masara, da yajin da na daka da hannuna, da man shanu a gora wanda na naɗe da leda uku.

Umara zan je, amma ba zan ɓoye muku ba, akwai wani abin da ya ƙara mini sauri. Ɗana Baffa yana aikin jinya a Ingila shekara tara ke nan. 'Yarsa tana da shekara bakwai, sunana aka sa mata, shi ya sa suke kiranta Ummi. Ban taɓa ɗaukarta ba, ganinta ma sai dai a waya. Sau biyu ina neman bizar zuwa wurinsu ana maido mini da takarduna. Da ya gaji sai ya ce mu haɗu a Jidda, kwana uku kacal yake da su. Jikokina goma sha ɗaya, babu wanda ban zaunar a gabana mun ci abinci kwano ɗaya ba sai ita. Abin da ya kai ni ke nan, bayan ibada.

Mun yi sallar asuba a Tashar Yari. A shingen Kwanar Dangora wani ɗan sanda ya haska mu da tocila, ya ce, "Hajiya, me ke cikin jakar nan?" Na zuge masa zip. Ya sunkuyo, daddawa ta gaishe shi, ya ja da baya ya ce mu sauka lafiya. Ƙarfe bakwai da minti arba'in muna filin jirgin Kano. A wurin awo aka ce kayana sun haura da kilo huɗu. Na ciro takalma biyu da atamfa uku na miƙa wa Malam Sabo. Ya ce, "Yaya, ki cire garin mana." Na ce ya kama hanya kafin rana ta yi zafi.

Jirgi ya tashi sha ɗaya, muka sauka Jidda biyar da rabi na yamma agogon can. Daga nan mota ta wuce da mu Makka, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Na yi Umarata lafiya, na kwana uku, na roƙi abin da na roƙa.

Juma'a: Kurayyat

Bayan sallar Juma'a na dawo Jidda, na sauka unguwar Kurayyat a gidan Sa'adiyya, 'yar ƙanwar mahaifiyata. A Jidda aka haife ta, ɗinki take yi, Hausarta rabi Larabci ne. Mijinta Malam Isufu mutumin Maraɗi ne, direba, tasa Hausar kuma Faransanci ke leƙowa ciki. Falo ɗaya da ɗaki biyu ne a hawa na uku, ba lif.

"Ahlan ya Yaya, yalla shigo, halas kin iso gida," in ji Sa'adiyya. Da ta buɗe jakata ta ga daddawa sai ta rungume ƙullin kamar jariri. Na ce ta ajiye, da mai shi.

Asabar: isowar baƙi

Tara da minti ashirin na safe su Baffa suka fito, muna jiransu a filin jirgin Jidda. Baffa yana sanye da harami, ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa. Ummi tana bayansa riƙe da gefen haraminsa, tana leƙena da ido ɗaya. Murna ta kusa sa ni hawaye, amma kaka ba ta tarbar jika da kuka. Na yi abin da kowace kaka take yi, na ce, "Wace ce wannan mummunar, mai hanci kamar an taka?"

Yarinya ta ɗaga kai ta tambayi ubanta me na ce. Shi kuma, da girmansa da karatunsa, ya fassara mata tsaf da Turanci, bai rage ko kalma ba. Nan take ta fashe da kuka. Na ce, "Baffa, wasan kaka da jika ake fassarawa?" Ya ce ya manta ne, Hajiya. Kafin mu gama wannan sai ga wani labarin: akwatin da uwarta ta cika mata da abincinta bai iso ba, kuma yarinyar nan, in ji shi, ba ta cin komai sai abin da ta sani. Ya kai mu gida, ya bar mini ita, ya hau jirgin ƙasa zuwa Makka da alkawarin dawowa gobe da yamma.

Ban damu ba. Na shiga kicin na tuƙa tuwon masara mai laushi, na kaɗa miyar kuka, na zuba man shanu, na kawo kwano ɗaya na ajiye a tsakaninmu. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, don haka ina da Turancina, sai dai nata a hanci yake fita, rabin kalma take haɗiyewa. Da ƙyar na gane tambayarta: me ya sa miyar take kore, me ya sa kuma take bin cokali? Sa'adiyya ta kawo shinkafa da kaza, ta kawo burodin tamis mai zafi. Yarinya ta ce ta gode, ta sha ruwa, ta koma gefen kujera ta naɗe ƙafa.

Na kira uwarta Zainab, wadda tsohon ciki ya hana ta zuwa. Ta ba ni haƙuri, ta turo hotunan abin da Ummi take ci. Bayan la'asar muka fita nema.

Malam Isufu ya ce, "Bon, Hajiya, abin da babu shi a Bab Makka ba a yi shi ba." Muka tafi Bab Makka, tafiyar minti ashirin da biyar. Na ga yadi, na ga dabino iri-iri, na ga turare, har kilishi na gani a hannun wani mutumin Agadas. Wani mai kanti ya kalli hoton gwangwanin waken, ya ciro mana ful, wato waken da Larabawa ke karyawa da shi, ya rantse duk ɗaya ne. Ummi ta girgiza kai. Kanti shida muka shiga, kanta bai daina girgiza ba.

Daga ƙarshe wani ya kwatanta mana wani katafaren kanti can arewacin gari inda Turawa ke sayayya, kusan kilomita ashirin. Sanyin cikinsa sai da na ja mayafi. Muna shan kwanar wani layi yarinyar nan ta saki hannun Sa'adiyya ta ruga, ta rungumo gwangwani biyu tana dariya. Ranar na fara ganin haƙoranta, biyu na gaba sun fita. Ta ɗebo waken gwangwani, da wani biskit na alkama da ake jiƙawa da madara, da soyayyen dankali a leda, da burodi mai yanka-yanka, da wata 'yar kwalba mai baƙin abu a ciki. Gwangwanin wake riyal tara, 'yar kwalbar riyal talatin da biyu.

Sa'adiyya ta juya kwalbar ta ce, "Talatin da biyu? Ya Yaya, wannan zinare ne fi ciki?" Na ce ta sa a kwando.

A gida na yi kuskurena na biyu. Na buɗe gwangwanin na ɗanɗana: wake ne fari a cikin ruwan tumatir, ga sanyi, ga sukari, ba gishirin kirki, ba albasa. Na ce a raina, ashe wannan wahalar ake ba jikata. Na soya manja, na yanka albasa, na juye waken, na barbaɗa yaji, ya yi kyau yana ƙamshi. Na kawo mata. Ta kalli farantin, ta kalle ni, idonta ya ciko, ta ce a hankali, "Kin ɓata shi." Biskit biyu ta ci busassu ta kwanta. Malam Isufu ne ya cinye waken, ya ce bai taɓa cin mai daɗinsa ba, amma yabon bai shige ni ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kwana ɗaya cikin uku ya tafi.

Lahadi: na koma ɗaliba

Da safe na kira ta kicin na ce, "Ni ban iya ba. Ke za ki koya mini." Ta dube ni ta ga ba wasa nake ba, sai ta hau kujera ta fara ba da umarni. A gasa burodi har ya yi ja. A ɗumama wake kaɗan, kada a sa masa komai. Ta maimaita "komai" sau biyu tana kallon ledar yajina.

Ta zaunar da mu uku a falo, ta ba kowa farantinsa. Biskit ɗin alkama da aka zuba wa madara ya saki jiki ya zama irin dusar da nake jiƙa wa awakina, na haɗiye da bisimilla. Dankalin kuwa tsami ne da shi mai kama muƙamuƙi. Malam Isufu ya tauna ɗaya ya ce, "Hajiya, wannan ya lalace, a maida musu, ina da rasit." Ummi ta ce haka ake yin sa da gangan. Ya ce to Allah ya kyauta.

Sai aka zo kan baƙar kwalba. Malam Isufu ya ɗauka cakulan ce, bai jira bayani ba ya lafta wa burodinsa cokali guda ya kai baki. Ya tsaya cak, ya ajiye farantin a hankali, ya miƙe ya nufi banɗaki. Sa'adiyya ta shinshina ta ce, "A'uzu billahi, halas, ni na ƙoshi." Ummi tana ta ƙyalƙyala dariya har da riƙe ciki. Ni ta shafa mini da kanta, bota a ƙasa, baƙin abun ɗan kaɗan a sama. Na gutsura. Gishiri ne da ɗan ɗaci, da wani ɗanɗano can ƙasa wanda harshena ya sani tun ina yarinya. Ɗan'uwan daddawa ne sak. Na cinye, na miƙa mata farantin na ce a ƙara.

Dariyarta ta tsaya. Ta ce, "Da gaske kina so? Babana ba ya so. Mamana ba ta so. A gidanmu ni kaɗai ce." Na ce to yanzu mun zama biyu. Ta jawo kujerarta kusa da tawa. Amma da na miƙa hannu zan gutsuri nata, sai ta kare farantin da hannu ta ce kowa da nasa, haka ake yi.

Baffa ya dawo shida na yamma da kai a aske, ya tarar da mu muna gasa burodi na huɗu.

Litinin: bakin teku

Bayan la'asar Malam Isufu ya kai mu bakin Bahar Maliya. Ummi ta riƙe hannuna tana nuna mini jiragen ruwa, tana gyara mini Turanci, ni kuma ina koya mata ƙirga da Hausa, muka tsaya a bakwai. Da muka dawo na sake tuƙa tuwo, ko Allah zai sa. Ta zauna, ta kalla, ba ta taɓa ba. Baffa ya haɗe fuska ya ce, "Ummi, ko loma ɗaya ki ci. Daga Zariya Hajiya ta ɗauko wannan saboda ke."

Na ce, "Ƙyale ta. Abin da aka ci da tsawa ba shi na zo nema ba." Ya ci nasa har da ƙari, ni kuwa na kasa. Na riga na haƙura, na ce wataƙila sai wani zuwan, in da rai. Shekarata sittin da takwas, na san abin da "in da rai" yake nufi.

Talata: rabuwa

Jirginsu sha ɗaya ne, za su bar gida takwas. Bakwai saura kwata ina kan darduma ina lazimi na ji motsi a kicin, da muryar Sa'adiyya ƙasa-ƙasa tana maimaita wa wani magana. Can sai ga Ummi ta fito tana tafiya a hankali, riƙe da faranti ɗaya da hannu biyu. Gasasshen burodi ne da wake a kai. Ta ajiye a ƙasa a gabana, ta zauna ta naɗe ƙafa, ta ja numfashi ta ce da Hausa, "Kaka, zo mu ci."

Waken nan ne dai mai sukari, ya ma huce. Na wanke hannu na sa. Ta kalli hannuna, ta kalli cokalinta, ta ajiye shi, ta sa nata hannun. Ruwan tumatirin yana bin gwiwar hannunta, tana turo mini gefen da ya fi wake. Muka cinye tas. Hawaye nake yi, ban kuma ɓoye ba. Ta tambayi ubanta ko yaji ne ya shiga idona. Wannan karon ya yi hankali, ya ce mata e.

A filin jirgi ta cusa mini baƙar kwalbar a jaka, saura rabi, ta ce kada in shafa da yawa.

Alhamis: gida

Na bar wa Sa'adiyya kuka da daddawa da sauran gari, ta yi ta sa albarka da harshe biyu. Jirginmu ya sauka Kano ɗaya da rabi na rana, Malam Sabo yana jira, biyar da kwata muna Tudun Wada. Maƙwabta suka cika gida, na raba dabino da zamzam. Maƙwabciyata Hajiya Larai ta hango kwalbar a kan tebur, ta ɗauka maganin ciwon gwiwa ne na Saudiyya, kafin in juyo ta yi bisimilla ta lashi rabin cokali. Da ta haɗiye sai ta ce lallai wannan magani da ƙarfi yake. Na karɓe kwalbar na kulle a durowa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Sa'adiyya da Malam Isufu, Allah ya saka musu, ya kuma huci bakin Malam Isufu. Tuwona dai Ummi ba ta ci ba, ni na ci nata, kuma da za a sake ajiye mini farantin nan gobe, da sanyinsa da sukarinsa, zan wanke hannu.