Ranar da na yi gadin shinkafa a fadamar Zauro

Shekarun baya, lokacin ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare kusa da Zauro, na sa wa raina sai na kai 'yan ajina gidan adana halittu. Waɗanda suka san ni sun sani, in na ƙudura abu sai dai a yi haƙuri da ni. Na gaji da zana kifi a allo yara suna tambayata ko takalmi ne. Wani abokina ne ya ba ni labarin wani ɗaki da wata babbar makaranta ta tanada a Argungu, mai ƙasusuwan dabbobi, da busassun tsuntsaye cikin gilashi, da kifayen gulbi a kwalabe. Tun daga ranar na hana kowa sakat.

Zango guda na yi ina shiri. Na bi shugaban makarantarmu har ya fara canza hanya in ya hango ni. Wata makaranta a Badariya ta yarda ta ara mana bas ɗinta na rana ɗaya tak, mai kula da ɗakin shi ma ya amince da wannan ranar. Abokiyar aikina, 'yar Filato mai koyar da lissafi da muke kira Madam, ta ce za ta raka mu saboda 'yan mata. Na tanadi ruwan sha, na tanadi lemun tsami don masu amai a mota, na san masallacin da za mu tsaya azahar, har waɗanda ba za a bari su zauna kujera ɗaya ba na ware. Wallahi ji nake ba a taɓa tsara tafiya irin tawa ba.

Abu ɗaya ne bai faɗo mini ba. Ni ɗan Gwadangaji ne, tashin cikin gari, a faranti na san shinkafa. Ashe ranar da muka tsayar ta faɗa daidai lokacin da shinkafar rani ta fidda kai, ƙwayarta tana ruwa-ruwa, lokacin da jan-baki ke sauka. Ga wanda bai san shi ba, ɗan mitsitsin tsuntsu ne, amma ba ya tafiya shi kaɗai. In garkensu ya sauka a gona aka yi sakaci, kafin ka ɗaura alwala sun bar maka kara. Shi ya sa a wannan lokaci kowane gida ke tura yara fadama tun asuba, a yi ta ihu da kaɗa gwangwani har rana ta faɗi.

Mafi yawan ɗalibaina sun sami wanda zai tsaya musu, wani yayansa, wata ƙanen babanta. Saura yarinya ɗaya. Ita ce mafi shiru a ajin, tun da na fara koyar da su ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Sau ɗaya ta taɓa tare ni a bakin ƙofa, ta tambaye ni ƙasa-ƙasa ko da gaske ne akwai ƙashin giwan ruwa a wurin, babban kifin nan da take jin labarinsa. Ana saura kwana kaɗan sai ga ta bayan an tashi, kanta a sunkuye. Ta ce, "Malam, a ba wani kujerata." Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Da la'asar na hau mashin ɗina na nufi fadama. Na sami mahaifinta tsaye a kan kunya da majajjawa a hannu. Muka gaisa, na buɗe baki zan fara wa'azin muhimmancin ilimi da na haddace a hanya, sai ya ɗaga mini hannu.

"Malam, ba ƙin karatu nika yi ba. Dubi gonag ga. Ni ina wancan kai, ɗiyata tana wanga, ƙannenta ba su kai ba. Abin da gidana za ya ci shekara guda shi ne kaka gani tsaye nan. In ta tahi wuni guda, wa za ya tsaya min?"

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Baba, ni zan tsaya" ba.

Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai? Da wagga riga mai guga?" Na ce ƙwarai kuwa, in tsuntsu ya taɓa gonar ya neme ni. Sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Ba nemanka za ni yi ba, Malam. In gonar ta tahi, ba ka da abin da za ka ba ni. Ka dai san amana ce." Na ce na ɗauka.

Da na gaya wa Madam cewa ita za ta ja tawaga, ta ajiye biro ta ce, "Malam, kai da ka hana mu shan ruwa da zancen tafiyar nan, kai ne ba za ka je ba?" Mai ɗakina kuwa sai ta aro mini malafa a maƙwabta, tana miƙo mini tana danne dariya. Gaskiya abin ya yi mini zafi, don na fi yaran ɗokin ganin wurin. Amma ko kusa ban ji zan janye ba.

Ranar tafiya, ina idar da sallar asuba na kama hanya. Yarinyar ta riga ta nuna mini aikin tun jiya: igiyoyi ne aka ja a kan gonar, an rataya musu gwangwanaye masu tsakuwa da tsummokaran leda, duk sun haɗu a wata 'yar rumfa inda mai gadi ke tsayawa. Ka ga tsuntsu, ka fizgi igiya, ka yi ihu. Na ce a raina, wannan ai ko ɗan aji ɗaya zai iya. Hantsi bai gama fitowa ba na hango bas ɗin can kan titin Argungu, hannaye a waje ta taga. Ban samu na ɗaga musu nawa ba, don a daidai lokacin garken farko ya iso.

Jama'a, gadin tsuntsu aiki ne! Ka kore su gabas su zagayo ta yamma. Ka juya ka sha ruwa su sauka. Na gwada majajjawa sau ɗaya, dunƙulen laka ya tashi ya kaɓe malafar daga kaina, na ajiye ta da mutuncina. Abin da ya cece ni murya ce. Shekaru ina tsawata wa 'yan aji uku, ashe horo nake yi ban sani ba. In na kwarma "Kai! Ku tashi!" har masu gonakin maƙwabta sai sun waiwayo. Da rana ta take tsuntsayen suka lafa, baban ya zo muka yi sallah a kan kunya, ya ba ni fura, bai yaba ba bai kushe ba.

Bayan la'asar ne aka yi ta. Wani garke ya taso daga wajen gulbi, baƙi ƙirin kamar hadari, ya nufo ɓangarena kai tsaye. Na fizgi igiya da ƙarfin tsiya, sai ta tsinke a hannuna. Gwangwanayen suka yi tsit. Na ga tsuntsaye suna zuba a kusurwar gonar, na tuna fuskar dattijon nan lokacin da ya ce amana ce. Na diro daga rumfa na faɗa cikin taɓo, takalmi ɗaya ya maƙale na bar shi nan, na tuɓe riga ina kaɗawa ina gudu ina ihu. Ban san me nake faɗa ba. Daga baya maƙwabta suka rantse wai har "ku fita mini daga aji" sun ji. Ko ma mene ne, tsuntsayen sun tashi, na ɗaure igiyar, na ci gaba da ja har rana ta yi ja.

Dab da magariba baban ya tako ɓangarena. Ya bi kunya a hankali yana shafa kan shinkafar, ni kuwa ina biye da shi. Ya daɗe a kusurwar nan. Sannan ya ce, "Sun ɗan taɓa nan. Ko ita ɗiyata suna taɓa mata haka." Na buɗe baki in ce alhamdu lillahi, sai iska kawai ta fito. Murya ta tafi gaba ɗaya.

Ina zaune a kan kunya sai ga yarinyar da gudu, da kayan makaranta a jikinta, ko gida ba ta biya ba. Gonar ta fara dubawa, sannan ta juyo. "Malam! Ba ka gani ba!" Ta fara zuba. Ƙashin giwan ruwa ya fi ta tsawo. Kan kada yana nan da haƙoransa duka. An sa gashin tsuntsu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ga ashe wasu 'yan ƙugiyoyi ne ke riƙe da juna, ta fizgo wani gashi daga ƙasa tana nuna mana yadda yake rabuwa ya sake haɗewa. Ta ce, "Baba, har jan-baki an aje cikin gilashi, na dube shi ido da ido, bai kai babban yatsanka biyu ba!" Baban ya ce, "To su taho su kwashi sauran mana." Yana faɗa yana kallon ɗiyarsa, da alama shi ma bai taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba.

Washegari na shiga aji ba murya, na miƙa mata alli. Ita ta yi darasin daga farko har aka kaɗa ƙararrawa, kuma daga ranar hannunta bai ƙara zama ƙasa ba.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, kafin malami ya tsayar da ranar tafiya, ya fara tambayar abin da gidajen yaransa ke ciki a wannan watan. Yanzu fadama nake fara leƙawa kafin in nemi mota. Baban kuwa har yau in muka haɗu a kasuwa, tun daga nesa yake kiran "Malam mai gwangwani!" ni kuma in amsa da ƙarfina, don na ci sunan da gumina.

Na bar makarantar tuni, na bi ta Argungu ba adadi, amma har yau ban shiga ɗakin nan ba. Mutane na mamaki, ni kuwa ko a jikina. Duk abin da ke ciki na riga na ji shi daga bakin yarinyar da ba ta magana, ina zaune cikin taɓo da takalmi ƙafa ɗaya, shinkafar babanta na tsaye a bayanmu.