Karan Dafi a Kujerar Baya

Yayana ya sayi motarsa a shekarun tsuke bakin aljihu, daga hannun wani ma'aikaci da aka sallama daga aiki. Har gobe yana ba da labarin yadda ya matse mutumin a ciniki, kamar wata bajinta. Daga ranar da ya riƙe makulli 'yan tashar Gwarzo suka fara ce masa Alhaji, shi kuma yana amsawa, alhali ko filin jirgi bai taɓa takawa ba. Wadda ta je Makka a gidanmu Inna ce, mahaifiyarmu, da kuɗin shanun da ta kiwata a bayan ɗakinta a Kutama. Ba ta dawo da haƙorin Makka ba. Farin yadi ta dawo da shi, likkafaninta, wanda ta jiƙa da zamzam ta shanya a can, ta naɗe ta ajiye a ƙasan adaka. Duk shekara takan fito da shi ta duba ko gara ta taɓa.

Kujerun motar jajaye ne, irin ledar nan ta roba. Rana ta dake su, buhunan barkono da awakin ranar kasuwa suka ƙarasa, har suka koɗe suka koma launin busasshen tumatir. Bai taɓa damuwa ba sai da aka ƙaddamar da Shari'a. Nan Yaya ya saki gemu, ya ɗage wando, ya liƙa addu'o'i a gilashin baya, ya ƙudura cewa motarsa ce za ta riƙa kai malamai wa'azin ƙauyuka. Na san ɗan'uwana, ba karatu yake nema ba. So yake a gan shi yana buɗe wa manya ƙofa.

Ya je wurin mai ɗinkin kujera, aka gaya masa farashin sabuwar leda, ya fito kamar an zage shi. Yaya irin mutumin nan ne da in ƙuda ya faɗa masa a koko, sai ya tsotse shi kafin ya yar. Daga can ya zarce bayan kasuwa wurin wani tsohon baduku mai rinin fata. Ina cikin motar ranar, ya rage mini hanya bayan na biya kuɗin mota kamar kowa.

Tsohon ya leƙo, ya karta kujerar da farce, ya sunsuna.

"Alhaji, wannan ba fata ba ce. Fata tana shan rini. Wannan roba ce, ba ta sha."

"Baba, kai dai auno mini karan dafi. Baturen da ya yi ta ja, da me ya rina?"

"To, Allah Ya ba da sa'a," in ji tsohon, ya koma kan ƙirginsa.

Karan dafi shi ne jan rinin da dukawa ke sa wa fatar akuya. Yaya ya daka shi, ya haɗa da ruwan toka, ya shafe kujerun har sau uku. Da ya bushe ya ga ya yi dishi-dishi, sai ya bi da man gyaɗa don ya yi sheƙi. Ya kuwa yi. 'Yan tasha suka yi ta zuga shi, yana murmushi yana shafa gemu. Amma na lura da abu guda, wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci: a kujerar direba ya shimfiɗa buhu. Ya ce wai don kada gumi ya ɓata aikin. Ƙarya yake, ya riga ya ga yadda jan ke kama tafin hannunsa.

Ana cikin haka ƙafafun Inna suka gaza, na ce a kawo ta gidana a Kabo in yi jinyarta. Yaya ya zo ɗaukarmu da tsakar rana, cikin bazara. Aka zuba kwanuka da tabarma a but, kusa da jarkar fetur. Likkafanin kuwa Inna ta ƙi yarda a sa shi can. Ta naɗe shi cikin wani tsohon mayafi mai shara-shara, ta rungume.

Na ce a bar ta ta zauna gaba ta miƙe ƙafa.

"Mata baya suke zama yanzu," in ji Yaya. "Ko ba ki ji an yi doka ba?"

Uwar da ta haife shi ke nan. Babu malamin da ya ce masa haka game da mahaifiyarsa, shi ya ƙaro nasa. Hularsa ce ta zauna a kujerar gaba har Kabo.

Ba mu yi nisa ba ƙullin ya fara damun gwiwoyinta. Yaya ya hango ta madubi.

"Ajiye shi a gefenki mana, Inna. Kujerar nan yau ta fi gadon asibiti tsabta."

Ta ajiye, ta ɗora gwiwar hannu a kai, barci ya ɗauke ta. Mu zannuwanmu masu duhu ne, ba mu ga komai ba. Gilasan baya ba sa sauka. Da muka iso Gwarzo ya tsaya a tasha, ya bar mu a rana ya tafi gaishe-gaishe, yana jawo mutane su leƙo su ga kujeru. Sai da ya gaji da yabo muka kama hanya.

A ƙofar gidana na ɗaga ƙullin, na ji ya ɗan manne kafin ya saki. Muka warware a tsakar gida. Jan da man sun ratsa mayafin, sun shiga yadin ninki bayan ninki, tabo ɗaya yana ta maimaita kansa har tsakiya. Na ruga na ɗauko sabulu da lemon tsami. Inna ta riƙe mini hannu.

"Kada ki wanke. In kin wanke jan, kin wanke zamzam ɗin."

Na ajiye sabulun da lemon a ƙasa. Yaya shi ya sami abin cewa.

"Yadi ne fa, Inna. Ga shi can jibge a kasuwa."

Inna ta naɗe abinta a kan tsohon ninkinsa, ta ce in sa mata a ƙarƙashin matashi. Na ji ta tana kuka a hankali bayan la'asar, ni kuma ban yafe ba.

Malamai ba su shiga motar nan ba. Labarin rigar wani ladan da ta fito da jan baya ya riga su isa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Yaya ya ɗora wa badukun laifi, ya ce jabun karan dafi ya sayar masa.

Damina biyu Inna ta ƙara. Ranar da ta rasu Yaya ya iso da sabon farin yadi, ya warware shi a zaure gaban masu ta'aziyya don a ga irinsa. Ni na shiga wanka tare da wasu dattijai mata biyu. Muka fara sa mata nata, mai tabon, shi ne a jikinta yadda ta so. Nasa muka rufa a sama. Maza suka ga fari tas, suka yi ta sa wa Alhaji albarka.

Kafin a ɗauki makara na kira shi bakin ƙofa na gaya masa abin da ke ciki. Na zaci ko sau ɗaya a rayuwarsa zai sunkuyar da kai. Ya waiga wajen zaure, ya rage murya.

"Ba a dai gani daga waje ko?"