Mai Cika Jarkar Sai-Na-Gani

A layin masu gyare-gyare babu mai kiransa da sunan yanka. Sai-Na-Gani ake ce masa, domin ko cewa ka yi an yi ruwa a unguwarku, sai ya dubi takalminka kafin ya amsa. Mai walda ne, gajere, ya ba hamsin baya, bayan hannuwansa duk tabon tartsatsi. In zai sayi ƙusa sai ya lanƙwasa ɗaya a gaban mai shago. Matarsa ta sha ba da labarin ranar da ta haifi 'yar fari: ungozoma ta leƙo ta ce masa mace ce, shi kuwa ya ce a miƙo.

A hannun yayansa ya koyi sana'a. Yaya ya shekara talatin yana kallon wuta da tabarau na jeka-na-yi-ka, har idanun suka gaji, yanzu inuwa kawai yake gani. Duk da haka makullin shago ɗaya na aljihunsa. Shi ke buɗewa da sassafe, ya share, ya zauna a benci yana amsa gaisuwa.

Da Sai-Na-Gani ya koma waldar tankunan ƙarfen da ba ya tsatsa, sai toci ya zame masa ciwon kai. Toci shi ne hannun da wutar ke fita ta bakinsa, kuma minti goma ya isa ya yi zafin da ba ya riƙuwa. Ya je kanti ya ga injin sanyayawa, ya ji kuɗinsa, ya zagaya shi sau biyu, ya ce ai jarka ce da famfo aka sa wa riga. Ya dawo ya haɗa nasa. Jarka mai lita ashirin, famfon tsohon injin wanki, lagireton wata mota da ta riga mu gidan gaskiya, fanka, da siraran tiyo biyu. Ya nemo toci na hannu mai hanyar ruwa a ciki, guda ɗaya tal ya samu. Ruwa ya bi tiyo ya kwaso zafi, ya dawo lagireto fanka ta huce shi. Ranar farko ya yi awa uku bai ajiye ba, ya koma gida yana waƙa, har matarsa ta tambaya ko lafiya.

Ruwan batir kaɗai yake zubawa, wanda aka tace tas, saboda hanyar cikin tocin ba ta fi tsinken tsintsiya kauri ba. Wannan bai gaya wa kowa ba. A wurinsa sirrin sana'a ne, kuma ya tabbata rabin layin jira suke su kwaikwaya.

Bayan wata biyu toci ya fara ɗumi. Ya kwance, ya ga farin daskararren abu a bakin tiyo, irin na gindin tsohuwar butar dafa ruwa. Ruwan batir ba ya barin wannan, sai na rijiya. In hanyar ta toshe ana cikin aiki, toci ya ƙone ke nan, ga tankuna uku na wani mai sayar da ruwa suna jira, kuma babu wani tocin.

Da yamma ya ja layi da alli daidai inda ruwa ya tsaya. Washegari ya tarar ruwa ya wuce layin da yatsa biyu. Ya juye, ya wanke, ya sake zubawa. Bayan kwana biyu, haka dai.

Wanda ya fara zargi shi ne maƙwabcinsa mai gyaran firiji, wanda ya taɓa tsugunnawa gaban jarkar yana cewa, “Kai, Malam, wannan kai naka!” Yabo ya yi yawa, in ji Sai-Na-Gani, akwai wata a ƙasa. Ya daina amsa masa gaisuwa da kyau. Sai kuma mai waldar ƙarshen layi, wanda aikin tankunan ya kuɓuce masa. Har mai shayin da ke kawo kofi ya sha harara, ya tafi yana duba rigarsa ko wani abu ya zuba.

“Yaya, da safe ba ka ga kowa ya shigo ba?”

“Da wane idon?” in ji Yaya, yana dariya.

“Ba wasa nake ba. Akwai mai yi wa injina ɓarna. So yake ya ga na zauna.”

“Wace irin ɓarna?”

Sai-Na-Gani ya dubi ƙofa, ya dubi bangon kwanon da ya raba su da mai firiji, ya ce, “Bar shi kawai. Bango na da kunne a layin nan.”

Ran Yaya ya ɓaci ƙwarai. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce duk wanda ke cutar ƙaninsa Allah ya tona masa asiri a gaban jama'a, kada ya ga da kyau. Kullum ya zauna a benci sai ya maimaita da ƙarfi don maƙwabta su ji, Sai-Na-Gani yana cewa amin.

Abin haushi, mutumin da ya zargi har mai shayi bai taɓa kawo mai riƙe da makulli a ransa ba. Ba yarda ce ta jawo haka ba. Ya daɗe da cire Yaya daga cikin mutanen da ke iya yin wani abu, mai kyau ko mummuna.

Wata safiya ya riga kowa zuwa. Ya shiga ta ƙofar baya, ya laɓe bayan tanki da guntun bututu a hannu. Ya ji makulli ya juya. Yaya ya shigo, ya jingine sanda, ya lalubi bango har ya kai ga jarka. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa daga sama zuwa ƙasa yana saurare. Ya yi tsaki. Ya ɗauko butar da ya cika a rijiyar bayan layi, ya buɗe murfi, ya sa yatsa a bakin jarka yana zubawa a hankali, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba.

Bututun ya suɓuce ya faɗi.

“Wane ne nan?”

“Ni ne, Yaya.”

“Kai ne? Ka ba ni tsoro. To zo ka gani, kullum sai ka bar abin nan da ƙishi. Tun zamanin da muke waldar gas da tukunyar kabaid nake faɗa maka, kafin ka taɓa wuta ka duba ruwa. Ba don ina cikawa ba da tuni ya ƙafe.”

Kunya ta rufe Sai-Na-Gani, da tausayi, da wani haushin kansa. Yaya kuwa idonsa ne ya mutu, ba kansa ba. Ya ajiye butar a hankali.

“Ruwan ne?”

“Yaya, ai ba ka sani ba...”

“Na tambaye ka, ruwan ne?”

“Shi ne. Na rijiya yana toshe toci.”

Yaya ya lalubi benci ya zauna. “Sati biyu ina tsine wa kaina a bakin ƙofa, kana cewa amin.”

Sai-Na-Gani ya yi sauri ya ɗauko galan ɗin ruwan batir daga inda yake ɓoye shi ƙarƙashin buhuna, ya ɗora a cinyar yayansa. “Ga wanda ake zubawa. Daga gobe kai za ka riƙa cikawa, aikinka ne.”

Yaya ya shafa galan ɗin, ya shafa murfin, bai buɗe ba. Ya ɗago fuska wajen da yake jin numfashin ƙaninsa.

“Ka ba ni ne don kana bukata, ko don ka ga tsoho ya ji kunya?”

Sai-Na-Gani shi ma bai san amsar ba. Yaya ya jira, ya ƙara jira, sannan ya sauke galan ɗin ƙasa, ya ce a miƙo masa sandarsa.