Muryata a Wayar Baba

Ina ajin ƙarshe a makarantarmu ta Maamobi aka zaɓe mu, mu biyar, mu haɗa wa makaranta manhajar waya. Wata mata mai aikin kwamfuta ce ke zuwa koya mana duk Asabar, ba ta karɓar ko sisi. Anti muke ce mata. Aikin manhajar shi ne, idan malami ya kira suna bai ga ɗalibi ba, ya taɓa sunan, sai saƙo ya tafi wayar mahaifinsa. Da yake iyayenmu da yawa ba sa karanta Turanci, Anti ta ce a yi saƙon da murya. Tawa aka ɗauka a na Hausa. Har tsalle na yi ranar.

Sai da aka ba ni lambobin iyaye in shigar, na ga ta Baba, sannan na gane abin da zai biyo baya. Ni ce ba na zuwa makaranta ran Talata. Yayana na tsare a gidan yari tun da aka sami wayar sata a teburinsa na gyaran waya da ke unguwar Circle, Baba kuma ya rantse duk wanda ya je wurinsa zai bar masa gida. Mma, mahaifiyarmu, ba ta da halin fita bai sani ba. Ni take ƙulla wa garin rogo da soyayyen kifi, in fita da kayan makaranta, in hau trotro, motar haya, in kai masa.

Na sauya lamba ɗaya a cikin ta Baba. Asabar ta zagayo, Anti ta bi jerin da takardar makaranta, ta gano. Da aka tashi ta tsayar da ni.

"Kuskure ne, ko da gangan?"

Na durƙusa na riƙe ƙafarta, na faɗa mata komai. "Anti, don Allah ki bar shi haka. In na daina zuwa, ba mai kai masa abinci."

"Ba zan iya ba," in ji ta. "In wata rana wani abu ya same ki a hanya, wa za a kira? Amma zo mu je, ni zan yi wa babanki magana."

Na ƙi. Na roƙi malamin ajinmu kada ya taɓa sunana, ya ce shugaba na duba rajista da kansa. Na gaya wa Mma, ta zauna bakin murhu tana kuka, amma ran Talata da safe ta miƙo min ƙullin, ba ta dube ni ba. Na karɓa.

Ina layin masu ziyara a gidan yari, na san lokacin kiran suna ya wuce.

Da la'asar na tarar da Baba a ƙofar shagonsa na ɗinki, wayar na kan keke. Ya danna, na ji kaina ina cewa, "Salamu alaikum, yau ba a ga ɗalibinku a makaranta ba." Ya sake dannawa.

"Ina kika je?"

Na faɗa masa. Ya ɗauki almakashi, ya ajiye. Maƙwabta sun fara leƙowa.

"Ya rame?" ya ce a hankali.

Na ce ƙwarai, har da tari.

"Shiga gida. Kada ki ƙara fashin makaranta."

Talatar da ta biyo ina aji. Ban san ko wani ya je wurin yayana ba, ban kuma iya tambaya ba.